Darasi na Tara: Sauya wa Matatar Mai Wuri a Tsohon Babur

Wata rana bayan La'asar aka turo mana babur cikin warsha a Jidda, ƙasan injinsa yana ɗigar da baƙin mai ɗis-ɗis a kan siminti. Triumph ne mai silinda biyu, irin wanda ake kira Bonneville, ƙirar Ingila da aka fara fitarwa a 1959. Ya girmi duk yaran shagon. Na durƙusa na leƙa. Wanda ya riƙe shi a da ya ƙara masa matatar mai, kuma ya kyauta, sai dai ya ɗaure ta can ƙasa, ƙarƙashin giya, inda duk tudun rage gudu da aka hau sai ya doke ta. Gwangwanin ya lotsa, bakinsa ya goce.

Mai babur ya ce, "Mu'allim, a cire ta kawai kowa ya huta."

Na ce, "A'a Alhaji, matatar ba ta yi laifi ba, mazauninta ne bai dace ba. Matsar da ita za mu yi."

Aikin da muka yi a ranar shi ne darasinmu na yau. Kafin mu shiga, ku buɗe littafinku ku rubuta kalmomin nan: matata, tiyo, tanki, famfo, salansa. Mu a bakinmu filta ce ko matatar mai. Idan kuka je sayenta a nan Saudiyya za ku ji ana cewa saifon ko filtar zait, babur kuma dabbab, tiyo lai. Ku rubuta waɗannan ma a gefe, don ranar da maigida zai aike ku kasuwa.

Yadda mai yake zagayawa

Wanda bai san hanyar mai ba kada ya taɓa tiyo ko ɗaya. A tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da BSA da Norton, baƙin mai ba a cikin inji yake kwana ba, tankinsa daban ne. Tiyo biyu ne suka haɗa su. Na farko yana sauko da mai daga tanki zuwa famfo, famfo ya tura shi cikin karanshaf, wato babban sandan da yake juyawa a cikin inji, da boris ɗin da yake juyawa a kansu. Idan man ya gama aikinsa ya zubo ƙasan inji, sai ɗaya ɓangaren famfon ya tsotse shi ya mayar da shi tanki ta tiyo na biyu. Mu kira su tiyon zuwa da tiyon komawa.

Yawancin waɗannan baburan sun fito daga kamfani ba su da matata ta gaske. Abin da suke da shi raga ce ta waya mai tare manyan ɓarɓashi, sai wani ɗan kogo a cikin karanshaf inda dauɗa take taruwa, wanda ba a iya share shi sai an wargaza inji. Man zamani kuwa yana ɗaukar dauɗa ya yi ta yawo da ita, ba ya barinta ta kwanta. Ku haɗa wannan da ƙurar ƙasar nan da zafin bazara da kan wuce digiri 40, za ku gane abin da ya sa masu irin waɗannan baburan suke ƙara matata. Da yawa suna amfani da irin ta Norton Commando, gwangwani mai ɗaurin murɗi.

A kan tiyon komawa ake sa ta. Wannan jimla ku ja mata layi. A tiyon zuwa babu ƙarfin turi, mai yana gangarowa ne kawai famfo yana jansa. Idan ka sa masa shinge a can, musamman da safe lokacin da man yake da kauri, inji zai yi ƙishirwa ya ci kansa. A tiyon komawa kuwa famfo ne yake turo man da ƙarfi, kuma ɓangaren tsotsa ya fi na turawa girma, saboda haka man yana ratsa takardar matata ba wahala. Duk inda za ka mayar da matatar, sama ko gefe ko baya, dole ta ci gaba da zama a kan wannan tiyon.

Neman sabon mazauni

Nan ne aikin yake cin lokaci, kuma ni ban taɓa nadamar lokacin da na ɓata a nan ba. Ka riƙe matatar a hannu ka yi ta gwada ta a jikin babur kafin ka kwance noti ko ɗaya. A babur ɗin Alhaji mun sami fili a bayan giya, sama da inda take a da, ƙarfen firam yana kare ta daga ƙasa. Kafin na yarda da wurin sai da na sa babban yaron shago ya hau ya zauna, ya yi ta danna baya da nauyinsa, ni kuma ina kwance a ƙasa ina kallon yadda taya da sarƙa da hannun taya suke hawa da sauka. Babur da yake tsaye shiru yakan ruɗi mutum. Gurbin da ka gani a buɗe, da zarar an hau an faɗa rami sai taya ta cike shi. Na naɗe jak ɗin tsakiya na sake buɗe shi, na taka kik har ƙasa, duk don in ga ko wani abu zai goge ta.

Sai salansa. Matata da tiyo ba sa shiri da ita, a bar musu tazara aƙalla faɗin yatsu biyu ko uku. Sannan ka tambayi kanka: ranar canjin mai, hannu zai shiga ya murɗe gwangwanin? Akwai inda za a tara kwano a ƙasa, ko man zai zubo a kan taya? Matatar da sai an cire taya kafin a kai gare ta, mai babur zai yi ta ɗage canjinta har ta toshe. Idan wuri ya ba da dama, ka tsayar da ita bakinta yana kallon sama, don ka iya cika ta da mai kafin ka ɗaura.

Mariƙinta a yanke shi daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, a ɗaure a ramukan noti da suke jikin babur tun asali. Kada a huda firam. Daga 1971 manyan Triumph da BSA masu silinda biyu a cikin bututun firam ɗin suke ajiye mansu, ka ga huda shi ɓarna ce babba. Waɗannan injuna suna da karkarwa sosai, don haka a sa noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da kansa. A shafa wa mariƙin fenti, iskar Jidda gishiri gare ta. Ku kuma lura, notocin tsohon babur ɗin Ingila awon inci ne. Sifanar milimita za ta shiga kamar ta yi daidai, ta zame ta cinye kan noti.

Haruffa biyar

A jikin kan matata, wato ƙarfen da ake murɗa gwangwanin a jikinsa, akwai baki biyu. Kusa da ɗaya an rubuta IN, kusa da ɗayan OUT, wani lokaci kibiya ce kawai. IN mashiga ce, nan tiyon da ya fito daga inji zai shiga. OUT mafita ce, daga nan mai zai wuce tanki. Ku kwafi haruffan nan biyar sau goma a littafinku, ku faɗe su da baki.

Ina yaron shago, ban iya karatu ba tukuna, na taɓa haɗa su a juye. A cikin gwangwanin akwai wata 'yar roba da take barin mai ya bi hanya ɗaya kawai. Da aka tayar da inji man ya rasa mafita, ya taru a ƙasan inji, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, sai tiyo ya fizge daga bakinsa ya watsa mai har bango. Allah ya taimaka maigidana yana kusa, ya kashe injin nan take. Bai yi mini faɗa ba. Ya kama yatsana ya ɗora a kan haruffan ya ce, "Yaro, abin nan ya gaya maka komai, kai ne ba ka ji ba." A makon na shiga ajin dare.

Idan babu rubutu ko ya goge, ka juya kan matatar ka duba. Mai yana shiga gwangwani ta ƙananan ramukan da suke kewaye, ya fito ta babban ramin tsakiya mai zare. Ka hura iska ta kowane baki, ka ga inda take ɓullowa.

Tun kafin ka zare tsofaffin tiyo, ka naɗa wa kowanne farin salatif ka rubuta "zuwa" da "komawa". Sabon tiyo ya zama na baƙin mai, wanda yake jure zafi, ba na ruwa ba. Ka je kanti da guntun tsohon a aljihu, domin 5/16 na inci kusan milimita 8 ne, 3/8 kuma kusan 9.5, ido ba ya rarrabe su da kyau. Kada tiyo ya lanƙwashe har ya shaƙe, kada kuma ya ɗame kamar tsirkiya. Kowane baki a sa masa kilif a matse.

Tayar da inji

Ka cika gwangwanin da sabon mai, ka laƙato kaɗan da yatsa ka shafe robar bakinsa. Da hannu ake ɗaurawa. Idan robar ta taɓa, sai ka ƙara murɗi gwargwadon abin da aka zana a jikin gwangwanin, galibi bai kai zagaye ɗaya ba. Ka duba mai a tanki, ka buɗe ƙofar warsha saboda hayaƙi, ka cire murfin tankin mai, sannan a tayar a bar inji yana tafiya a hankali.

Yanzu idonka ya tsaya a cikin tanki. Da fitilar waya muka haska na Alhaji, ni da shi mun haɗa kai a kan ɗan ramin. Sabuwar matata da sabon tiyo sai sun cika tukuna, saboda haka akan ɗan jira. Can sai ga shi ya ɓullo, tsul, tsul, da 'yar kumfa a kansa. Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi." Zuwan da yake yi a tsittsinke ba matsala ba ce, famfon ne yake haɗo mai da iska. Amma idan minti ɗaya ya wuce ba ka ga komai ba, kashe inji ka koma kan tiyo. A Triumph, man da yake hawa saman inji daga wannan tiyon komawar yake rabuwa kusa da tanki, don haka muddin bai dawo ba, saman inji a bushe yake aiki.

Bayan an kashe, a bi kowane baki da farin tsumma a ga ko zai ɓaci. A ƙara mai, domin matata ta sha nata rabon. A zagaya unguwa a dawo a sake dubawa, inji da zafinsa, a kula da hannu. Tsohon mai a zuba a jarka a kai wa masu canjin mai, kada ya shiga kwata.

Aikin gida: a sabon shafi ku zana tanki da inji da matata, ku haɗa su da layi, ku sa kibiya a kan kowane layi, ku rubuta IN da OUT a inda suka dace. A ƙasan zanen ku rubuta kwanan watan yau da lambar da take kan mitar kowane babur da kuka samu a warsharku, kamar yadda za ku rubuta wa mai babur ranar da kuka canza masa matata. Ku zo da shi aji na gaba bayan Isha'i.