Kurakuran da aka fi yi kan shigar mutane na farko nahiyar Amurka

Har yanzu za ka ji mutum ya ce Kolombus ne ya gano Amurka a 1492. Ai ko da ya isa, miliyoyin mutane ya tarar da garuruwansu da gonakinsu. Ko cikin Turawa ma an riga shi, domin mutanen arewacin Turai sun yada zango a gabar Kanada tun 1021. Maimakon "ya gano", ka ce ya isa can, ya wadatar.

Wasu kuma da sun ji "gadar ƙasa" tsakanin Siberiya da Alaska, wadda mutane suka bi daga Asiya zuwa Amurka, sai su zaci siririyar hanya ce aka bi a guje. Ƙasa ce mai faɗi, ana kiranta Beringiya, wadda ta fito fili lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwan duniya, zurfin teku ya ragu da kusan mita 120.

Wanda ya fi damuna shi ne riƙe tsohon karatu. An daɗe ana koyar da cewa mutanen Clovis, masu kan mashin dutse da aka tono a New Mexico, su ne na farko, shekaru kusan 13,000 da suka wuce. Sai ga Monte Verde can kudancin Chile, inda masanin kayan tarihi Tom Dillehay ya tono mazaunin da ya kai shekaru 14,500. Idan mutane sun isa can a wannan lokacin, to sun shigo ta arewa tun da daɗewa, watakila ta gabar teku, tunda ƙanƙara ta toshe hanyar tudu.

A 2021 aka bayyana sawun ƙafafu a White Sands da ke New Mexico, yawancinsu na yara da matasa, a taɓon bakin wani tsohon tafki. Aka ce shekarunsu 21,000 zuwa 23,000. Masu shakka suka ce a dakata: 'ya'yan wata ciyawar ruwa aka auna, ita kuwa tana zuƙar tsohon sinadarin kabon daga ruwan, sai ta nuna tsufan da ba nata ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce. A 2023 aka sake awo da garin furen itatuwan tudu da ƙwayoyin yashi, sakamakon ya yi daidai da na farko. Don haka in ka ga adadi, tambayi abin da aka auna da kuma sau nawa. Da wannan ma'aunin ne yawancin masana ba su karɓi da'awar cewa mutane sun isa tun shekaru 130,000 da suka wuce, bisa fasassun ƙasusuwan wata dabba mai kama da giwa da aka samu a San Diego ba, domin ba a tabbatar hannun mutum ne ya fasa su ba.

Akwai kuma wanda ya shafe mu nan Afirka ta Yamma. Ana yaɗa cewa sarkin Mali da ya gabaci Mansa Musa ya kai Amurka da jiragen ruwa. Labarin fitarsa teku yana rubuce, amma babu shaidar isarsa. Kuma ko da ya isa, da mutane zai tarar. Ƙwayoyin halittar wani yaro da aka binne a Montana shekaru sama da 12,000 da suka wuce sun nuna dangantakarsa da 'yan asalin Amurka na yau, kakanninsu kuma daga arewa maso gabashin Asiya suka fito.