Yadda za ki riƙe zuciyarki idan zaman Ingila ya yi tsawo

Kewar shekarar farko mai sauƙi ce, ta tuwo ce da rana da hayaniyar tsakar gida. Tana lafawa da zarar kin gano shagon da ake sayar da kuka da daddawa. Wadda nake so ki shirya mata daga baya take zuwa, bayan shekara 5 ɗin da mu ma'aikatan jinya muka yi kafin mu sami takardar zama ta dindindin, lokacin da kowa a gida ya ɗauka kin gama hutawa.

Fara da maganar rasuwa, ita ta fi nauyi. Daga Landan zuwa Abuja awa shida ne da ɗoriya a jirgi, amma a Kano wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ba za ki iske gawa ba, ki sa wannan a ranki tun yanzu. Abin da ke hannunki shi ne ki ware kuɗin tikiti a asusun da ba kya taɓawa ko wa ya roƙa, ki kuma riƙa duba wa'adin fasfonki, don ki riski zaman makoki ko sadakar bakwai. Sannan ki zaɓi mutum ɗaya, Yaya ko Gwaggo, ki ce: "Don Allah in jikin Hajiya ya tsananta, kada a ɓoye mini." Mutanenmu suna ɓoye wa na nesa ciwo, wai tausayi. Ni rasuwar Kawu a WhatsApp na gan ta, ina ɗakin canza kaya a asibiti: hotonsa da farar hula, Inna lillahi a ƙasa. Haka na wanke fuska na koma na ƙarasa aikin dare.

Ki raba kiran gaisuwa da kiran kuɗi. Tun da darajar naira ta zube a 2023, buƙatu suka ƙaru, har wasunmu gabansu na faɗuwa in sun ga lambar gida. Ki yanke abin da za ki iya duk wata, ki sanar, ki tsaya a kai. Juma'a kuma ta Hajiya ce, hira kawai, ko da labarin akuyar maƙwabta ne.

A Manchester, cikin Disamba, kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D a watannin sanyi, ki sha. In kin yi makonni ba barci, ba sha'awar komai, ki je wurin likitanki. Masu ce miki raunin imani ne, ki bar su da bakinsu; ki yi addu'a, ki kuma je.

Ki nemi gida biyu ko uku na Hausawa da za ki shiga ba sai kin yi waya ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma su ne za su cika miki falo ranar ta'aziyya.

In kin je hutu za a ce miki baƙuwa, yaranki su amsa wa kakarsu da Turanci, a yi dariya. Abin na ciwo. Ki yi musu Hausa a gida ko ba su mayar ba, ki kuma bar su a ɗakin Hajiya su kwana, ke ki koma naki.