Rumfar tsakar gida: kurakuran da na gaji da gani

Gida uku aka kai ni cikin wata biyun nan in ga rumfar da aka kafa a tsakar gida, kuma duka ukun abu guda na tarar. An kashe kuɗi, an shimfiɗa tayil mai sheƙi, an jera kujeru, amma ba mai zama. Ka shiga bayan la'asar, mai gida yana falo ya kunna fanka, yara suna ɗaki, rumfa kuwa ta koma wurin shanya da ajiye babur. Na ukun gidan ɗan ƙanwata ne, sabon ango. Ya ce da ni, "Kawu, ni fa ban san abin da ya ɓaci ba, yadda na gani a hoto haka na sa aka yi." Na ce masa nan ne ɓarnar take. Wanda ya ɗauki hoton bai san ranar Afrilu ta Kano ba, bai san markar Agusta ba.

Ni ba magini ba ne. Mai gida ne da ya kafa rumfa ya tsige ta, ya yi daɓe ya fasa shi, kafin ya samu wurin da iyalinsa ke cin tuwon dare a waje yawancin watannin shekara. Yadda nake yi zan faɗa, wani yana iya saɓa mini.

Kuskuren da ya fi ci mini kuɗi shi ne inda rumfa ta fuskanta. Shekarar da na tare, cikin hunturu na sa aka yi tawa. Na jingina ta da katangar gabas saboda nan fili ya fi faɗi, bakinta yana kallon yamma. A Janairu ba ta da laifi, ranar yamma ma daɗi gare ta. Da Maris ya kama sai labari ya sauya. Daga ƙarfe uku har faɗuwar rana, rana ta ƙarƙashin rufi take shigowa, ta daki fuskar mai zama, ta gasa katangar da ke bayansa. Katangar nan kuma ba ta daina huci sai wajen goma na dare. Rufin kwano ne zalla, tsayinsa ƙafa 7, hannu na kaiwa. A watan da zafin Kano ke haura digiri 40, zama a ƙarƙashinsa da zama a bakin tanderun gurasa duk ɗaya. Azumin shekarar a bazara ya faɗo, mun ci burin buɗa-baki a waje, kwana uku muka yi muka kwashe tabarma muka koma ɗaki.

Abin da har yau yake ɓata mini rai, wanda ya yi aikin ya san haka za ta faru. Da na koma masa, cewa ya yi, "Ai Alhaji, inda ka nuna nan muka yi." Gaskiyarsa ta wani gefen, amma mutumin da ya shekara ashirin yana rufi ya kamata ya buɗe baki ya ce a sake shawara. Kada ka jira wannan daga kowa. Mai aiki kuɗinsa zai karɓa ya tafi, kai da iyalinka za ku zauna da abin. Kuma don Allah ku daina yanke shawarar rumfa cikin sanyi! Lokacin kowace kusurwa ta gida tana da daɗin zama, ba za ka gane komai ba.

Ga abin da nake sa mutane su yi kafin su sayi ko ƙusa ɗaya. A cikin bazara, ɗauki tabarma ka zauna a kowace kusurwa ta tsakar gidanka: da azahar, da bayan la'asar, da bayan isha'i. Mako guda ya isa ka san inda inuwa ke sauka da inda iska ke ratsawa. Sannan ka tuna abin da kakanninmu suka sani tun suna gini da tubali. Hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe kowace shekara, kuma rumfar da ta buɗe baki gabas feshi zai riƙa korar mutane daga cikinta. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, daga Nuwamba har Fabrairu ko farkon Maris. Yamma kuwa na gaya maka abin da ta yi mini. Ni kudu na zaɓa a karo na biyu. A bazara rana kusan tsakiyar ka take bi, rufi ya tare ta. A hunturu tana karkata kudu, sai hantsi ya shigo daidai lokacin da ake nemansa, katanga kuma ta kare ka daga ƙura. Da damina iska mai laushi daga kudu maso yamma take kaɗowa, ta same ka a zaune. Idan fasalin gidanka bai yarda da kudu ba, arewa ta fi yamma nesa ba kusa ba, sai dai ka shirya share ƙura.

Tsayin rufi kada ya gaza ƙafa 10 a inda ya fi ƙasa. Idan kwano ne, a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, a bar tazara tsakaninsu, a kuma bar kafa tsakanin rufi da katanga don zafi ya samu hanyar fita. Gefen yamma a rataya asabari, a sauke da la'asar, a naɗe bayan magariba. Zana takan gaji, ina sauya tawa duk shekara biyu ko uku, kuma ban taɓa jin asarar kuɗin ba. Dirka ko ƙarfe a binne su cikin kankare ƙafa 2, a ɗaure rufi da langa-langa, don iskar farkon damina a Mayu da Yuni ba ta jin ƙusa kaɗai. In katako ne, azarar giginya ta fi, gara ba ta cika samun sa'arta ba.

Kuskure na biyu ba kuɗi kaɗai ya ci mini ba, shi ya sa in na gan shi a gidan wani ba na iya yin shiru. Daɓe ne. Na sa aka malale tsakar gida gaba ɗaya da siminti, daga ƙofar zaure har bakin madafi, ƙarƙashin rumfa kuma aka sa tayil irin na falo. Ban tambayi ina ruwa zai bi ba, su ma ba su faɗa ba. Ruwan farko mai ƙarfi ya taru a tsakiya kamar kududdufi, ya rasa rariya, ya nufi ɗakin yara. Na ce ai sau ɗaya ne, muka kwashe da tsintsiya da bokiti. Da Agusta ya zo da marka, wurin bai ƙara bushewa ba, gansakuka ta fito a gefen katanga. Wata asuba Hajiya mahaifiyata ta fito alwala, ta taka tayil ɗin nan da ɗan feshi a kansa, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannu. Karaya a wuyan hannu, mako shida hannunta a ɗaure, tsohuwar da ba ta son kowa ya zuba mata ruwa a buta. Ba ta ce mini komai ba sai, "Allah ya kiyaye gaba." Wannan maganar ta fi mini faɗa ciwo. A makon na sa aka kawo guduma.

Saboda haka ku ji ni da kyau, masu son sheƙi. Tayil mai santsi ba shi da wurin zama a inda ruwan sama ke taɓawa, ko nawa ka saye shi, ko wa ya ce maka ya yi kyau. Gida akwai tsofaffi, akwai mai ciki, akwai yaro mai gudu da kwanon miya. In tayil kake so, nemi mai kaushi, ka jiƙa shi tun a shago ka taka da ƙafa. In siminti ne, a ja tsintsiya a kansa kafin ya bushe don ya yi kaushin taku. Gangare kuma wajibi ne: ni inci 1 nake sa a sauke a duk ƙafa 4 ko 5, daga bakin ɗakuna zuwa rariya. Kada ka cika wa mai daɓe kuɗinsa sai ka kwara bokiti uku na ruwa a gabansa, kun ga inda ya nufa da idonku. Wanda ya yi fushi da wannan gwajin, dama aikinsa bai yi ba.

Kuma kada a malale ko'ina. Siminti yana shan rana yini guda, da dare ya amayo maka ita. Yanzu kusan rabin tsakar gidana rairayi ne. Yara su yayyafa masa ruwa bayan la'asar, kafin magariba wurin ya yi sanyi, ga ƙamshin ƙasa. Ruwan sama ma yana samun inda zai nutse.

Ruwan da ya kwanta shi ne wurin hayayyafar sauro, kuma mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo. Ba kududdufi kaɗai ba: tsohuwar taya, gwangwani, farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fulawa, gindin randa. Duk Juma'a da safe nake zagayawa in kifar da su. Da damina da kaka ba na barin ƙananan yara a waje bayan isha'i, su ci su shiga gidan sauro. Manya kuma fanka ta tsaye nake kunna mana a ƙasa-ƙasa wajen ƙafafu, ta fi mini maganin sauro mai hayaƙi, wanda ke shiga abinci ya sa tari.

Bishiya, kowa yana so, amma sai a dasa ta jikin katanga ko kusa da ramin banɗaki. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo ta, ba ta da na biyu wajen inuwa da jure fari, sai dai saiwarta tana ɗaga daɓe, 'ya'yanta kuma suna jawo tsuntsaye da jemagu. Wanda ya shimfiɗa tabarmar cin abinci daidai ƙarƙashinta zai gane. A dasa ta yamma da rumfa, nesa da gini, inuwarta ta faɗo maka da la'asar, kai kuma ka ci abinci ƙarƙashin rufi. In filin kaɗan ne, haƙura da ita, ka sa lemun tsami ko gwaiba ko zogale.

Wani abin da samari ke mantawa: tsakar gida ta mata ce kafin ta zama ta kowa. Ka kafa rumfa inda duk wanda ya leƙo daga zaure zai ga mai zaune, ko inda tagar benen maƙwabci ke kallo, to uwargida ba za ta sake ba, in ba ta zauna ba kuwa yara ma ba za su zauna ba. Tambaye ta tun kafin a haƙa rami. Abokanka ka yi musu dakali a zaure ko ƙofar gida.

Sauran ƙanana ne. Farin ƙwan fitila a saman tabarma gayyar ƙwari ne, ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko har cikin miya za ka tsince su. A sa ƙwai mai ruwan ɗorawa, a kafa shi can gefe. Soket a waje sai mai murfi, sama da inda feshi da hannun yaro ke kaiwa. Kujerar roba da aka bari a rana tana gautsi ta karye da mutum. Kushin mai soso ba ya jure ƙura da raɓa. Tabarma a naɗe ta a rataye, a kuma kakkaɓe kafin a shimfiɗa, saboda kunama. Janareta nesa da wurin zama.

Wajen cin abincin kansa, ni a ƙasa nake ci, kuma ina ganin tebur mai tsayi a tsakar gida yana raba mutane fiye da yadda yake haɗa su. Tabarma babba, tire a tsakiya, kujera 'yar tsugunno ga mai ciwon gwiwa. Kowane kwano da faifansa ko murfinsa, musamman lokacin mangwaro da ƙuda ke yawa. Da hunturu kada a zubo tuwo sai kowa ya wanke hannu ya zauna, in ba haka ba ya huce ya sha ƙura. Fura da kunun aya a bar su a kula har lokacin sha, zafi yana saurin juya su. Murhun gashi a ajiye shi inda iska za ta tafi da hayaƙi, ba ta kawo shi kan mutane ba. A share wurin a daren, kada a bar wa tururuwa da ɓeraye.

Akwai guda da ba ƙarami ba ne ko kaɗan. Daren sanyi, an gama hira a gefen kaskon gawayi, sai wani ya ce a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci zai ji yana ɗaukarsa, kuma ana rasa rayuka ta haka. Wuta a waje aka hura ta, a waje za a kashe ta.

Ɗan ƙanwata kuwa ban bar shi ya rushe komai ba tukuna. Mun rataya asabari biyu ta yamma, an cire tayil daga bakin rumfa zuwa famfo an sa mai kaushi, an fasa hanyar ruwa zuwa rariya. Maganar ɗaga rufi da juya bakin rumfar na ce ya bari sai Afrilu, ya zauna a ciki mako guda shi da amaryarsa, sannan ya zo mu yi lissafin kwano da azara.