Taya Ta Yi Faci Babu Safaya: Yadda Za Ka Kai Motarka Wurin Mai Faci

Motoci da yawa da ke yawo a hanyoyinmu ba su da safaya taya. Wasu haka kamfani ya ƙero su, musamman na Turai na bayan-bayan nan, inda aka maye gurbin safaya da ƙaramin famfo da kwalbar ruwan liƙe faci. Wasu tun a hannun dillalai aka zare ta aka sayar daban. Wasu kuma safayar tana nan a but, amma ta sace tun bara babu wanda ya leƙa. Ko wanne ne naka, abin da zai raba ka da asarar taya shi ne iska: ƙusa ƙaramin rami take yi, tafiya a kan taya babu iska ita ke kashe ta.

Da ka ji sitiyari yana ja gefe guda, ko bayan mota yana lilo, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka bar motar ta rage gudu da kanta. Taka birki da ƙarfi a wannan lokaci shi ke juya mota, musamman idan tayar baya ce. Ka kunna tarafiketa biyu, ka gangara gefen titi inda ƙasa take da tauri kuma a daidaice, nesa da kwana da kan gada. Ka ja hambirki, fasinjoji su fita ta gefen da ba titi ba, ka ajiye sikoshin, wato alamar gargaɗi mai kusurwa uku, a baya, a babbar hanya aƙalla taku 50.

Akwai lokacin da ba a tsayawa. Idan dare ne kuma wurin daji ne da ba ka yarda da shi ba, ka sadaukar da tayar. Ka ci gaba a hankali, kilomita 15 zuwa 20 a awa, har ka kai shingen jami'an tsaro, gidan mai ko gari. Cikin 'yan ɗaruruwan mitoci rim zai tauna gefen tayar ta ciki, ba za ta ƙara moruwa ba, wataƙila rim ɗin ma ya lanƙwashe. Duk ana sayensu a kasuwa. A Najeriya lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, akwai kuma 112.

A ina ramin yake?

Wannan tambayar ce ke yanke duk abin da zai biyo baya. Idan tayar gaba ce, ka karya sitiyari har ƙarshe, fuskar tayar za ta fito waje. Idan ta baya ce, wani ya riƙa gusar da motar kaɗan-kaɗan kana dubawa. Ƙusa ko sukuru yakan bayyana kamar ɗigon ƙarfe mai sheƙi, don kwalta ta riga ta goge kansa. Idan ba ka ga komai ba, ka dura iska, ka zuba ɗan garin sabulu a gorar ruwa, ka girgiza, ka riƙa tsiyayawa a kan tayar. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan ne.

Kada ka manta da wurare biyu. Ka tofa ruwan sabulun a bakin bawul: sau da yawa ƙwayar cikinsa ce ta yi sako-sako, ɗaure ta kawai za a yi, kuma wasu murafun bawul na ƙarfe suna da ɗan tsagi a kai don wannan aikin. Sannan ka bi da'irar da taya ta haɗu da rim. Idan ka faɗa rami da ƙarfi kafin iskar ta fara sacewa, galibi leɓen rim ne ya lotsa. Rim na baƙin ƙarfe ana iya daidaita shi da guduma. Na alminiyom tsagewa yake yi, kada ka taɓa shi.

Ramin da ake iya gyarawa a bakin hanya shi ne wanda ke tsakiyar fuskar taya, inda zanen yake taka ƙasa, kuma faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, wato kusan kaurin fensir. Idan a gefen taya yake, ko a kafaɗa inda fuska ke lanƙwasawa zuwa gefe, ko yanka ne mai tsawo, babu igiya ko ruwan da zai riƙe shi. Gefen taya siriri ne, babu wayar ƙarfe a cikinsa, kuma yana motsi a kowane juyi.

Idan ka ga ƙusar, kada ka zare ta sai ka shirya toshe ramin. Ita ce ke toshe da shi yanzu.

Idan famfo kaɗai gare ka

Yawancin facin ƙusa a taya marar tif a hankali yake zubar da iska. Ka dura zuwa adadin da ke jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ga ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI na gejin auna iska. Ka jira minti 5, ka sake aunawa. Idan abin da ya ragu bai wuce 2 ko 3 ba, ka kama hanya da gudun da bai wuce 50 zuwa 60 ba, kana tsayawa duk bayan kilomita 5 kana ƙarawa. Kada ka bari ta sauka ƙasa da 20. A haka mutum yakan isa gari da tayarsa lafiya lau.

Famfon lantarki na bolt 12 yana son inji a kunne, in ba haka ba ya shanye batir. Kada ya yi aiki fiye da minti 10 a jere, yana zafi ya ƙone. Idan ka jona ya ƙi tashi, ka duba fiyus ɗin soket ɗin kunna sigari, galibi na amfiya 15 ne, kuma shi ke fara ƙonewa.

Toshewa da igiyar roba

Wannan ita ce hanyar da muka fi amincewa da ita, kuma ita masu faci ke amfani da ita kullum. Kayan ba su da yawa: ƙarfe mai kaushi na share rami, ƙarfe mai ido kamar babbar allura da tsagi a bakinsa, igiyoyin roba masu danƙo, sholisho, filaya da reza. Ba sai an cire taya daga mota ba, muddin hannunka yana kaiwa.

Ka fara dura iska, ko da 20 ce. Taya mai laushi tana lotsawa a ƙarƙashin hannu, ƙarfen ba zai shiga ba. Ka zura igiya ɗaya a idon allurar har ta rabu gida biyu daidai, ka shafa mata sholisho, ka ajiye kusa. Sai yanzu za ka kama ƙusar da filaya. Kafin ka zare, ka lura da karkatarta, don ba kasafai take shiga a miƙe ba. Sukuru warware shi ake yi, ba fizga ba.

Ka soka ƙarfe mai kaushi a ramin, ka bi karkatar da ƙusar ta bi, kana murzawa kana turawa. Za ka ji yana gurzar wayoyin ƙarfen da ke cikin taya, wannan daidai ne. Ka shigar ka fitar kamar sau 5 zuwa 6 har ya riƙa wucewa babu gardama. A nan mutane suka fi ɓata aiki. Wanda ya ji tauri ya miƙar da ƙarfen, ya huda sabon rami kusa da na farko, zai toshe sabon ya bar tsohon yana yoyo. Wanda kuma ya ji tsoron faɗaɗa ramin bai share sosai ba, igiyar za ta tsinke a bakin rami.

Ka bar ƙarfen a ciki yana riƙe iska har ka ɗauko allurar. Ka zare shi, nan take ka danna allurar da ƙarfi. Aikin yana buƙatar nauyin jiki, musamman a tayar baya inda wuri ya matse. Ka tura har kashi biyu cikin uku na igiyar ya shige, saura kamar santimita ɗaya da rabi a waje. Idan ka zarce ta faɗa ciki gaba ɗaya, babu komai, ka ɗauko wata. Sannan ka fizge allurar a miƙe, da sauri, ba tare da murzawa ba. Murzawa tana naɗe igiyar a jikin ƙarfen ta fito tare da shi. Ka yanke abin da ya yi saura, ka bar milimita 2 zuwa 3, kwalta za ta daidaita shi. Ka cika iska, ka zuba ruwan sabulu, ka zuba ido minti ɗaya.

Idan har yanzu kumfa na fita, ana iya ƙara igiya ta biyu don dai a bar wurin. Ramin da ya ci uku ya fi ƙarfin wannan gyaran, tayar ta tashi aiki.

Ruwan liƙe faci na kamfani

Idan motarka da kwalba ta zo, ka fara duba ranar lalacewarta. Ruwan yana daskarewa bayan 'yan shekaru, kuma motocin da suka shigo ta Kwatano galibi kwalbarsu ta daɗe da wuce wa'adi. A wannan hanyar ba a zare ƙusa. Ka girgiza kwalbar, ka haɗa ta da famfo, ka ɗaura tiyo a bawul, ka tayar da inji, ka kunna. Allurar geji za ta yi tsalle sama na ɗan lokaci yayin da ruwan ke wucewa, sannan ta sauko ta nuna gaskiya. Idan minti 10 ya cika iskar ba ta kai 26 ba, ramin ya yi girma.

Idan ta kai, ka tashi nan take, don juyawar taya ce ke kai ruwan bakin rami. Bayan kamar minti 10 na tafiya ka tsaya ka auna. Ƙasa da 19, kada ka ci gaba. Sama da haka, ka cika, ka tafi, gudu kada ya wuce 80. Ka gaya wa mai faci akwai ruwa a ciki kafin ya buɗe, kuma a wanke na'urar auna iska da ke manne da bawul idan motar tana da ita, don ruwan yana toshe ta.

Wasu motoci, musamman BMW, suna zuwa da tayar da ke iya tafiya babu iska. Za ka ga RFT, SSR, ZP ko RSC a gefenta. Ƙa'idarta kusan kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Sai dai ka karanta gefen tayar da idonka, don yawanci an daɗe da sauya su da na gama-gari.

Idan ramin ya ƙi gyaruwa a wurin

Saura a kai taya wurin mai faci. Ka sa mota a giya ɗaya, ko a P idan mai canja giya da kanta ce, ka tokare tayar da ke kusurwar can da duwatsu gaba da baya. Ka sassauta notuna rabin juyi tun mota tana ƙasa. Ka kafa jak a wurinsa, wato tsagin da ke ƙarƙashin gefen mota kusa da taya, kuma idan yashi ne ka sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi ko ya zauna a ciki, kuma a bar mutum ɗaya a wurin motar kafin ka hau babur da tayar. Wajen mayarwa, ka fara ɗaura notuna da hannu, ka ɗaure su a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, ka ƙarasa bayan an sauke jak. Hawa kan sifana da ƙafa yana karya ƙusar wili.

Aron safaya daga wani direba yana yiwuwa, amma yawan ramuka kaɗai bai isa ba. Golf 3 da Peugeot 406 duk huɗu-huɗu ne, sai dai tazarar ramukan notin ta bambanta, milimita 100 da 108, ba sa shiga juna. Camry da Accord masu ramuka biyar tazararsu ɗaya, 114.3, amma ramin tsakiyar rim ɗin Toyota ya fi ƙanƙanta, ba zai zauna a kan Honda ba. Rim ɗin da bai kwanta daram ba kada a tilasta shi da noti. Idan duk ya faskara, janwe ya fi arha a kan sabon rim da ƙafar mota.

A wurin mai faci

Igiya da ruwa duk na isa gari ne. Gyaran da ke daɗewa sai an cire taya daga rim, an duba cikinta, an liƙe ta ciki da facin da ke da jela mai cike ramin. Dalili shi ne ruwan sama yana bin ramin da bai cika ba ya kai ga wayoyin ƙarfe, su yi tsatsa, fuskar taya ta rabu ta yi ƙulu. Idan aka buɗe ka ga baƙin garin roba a ciki, ko zobe mai duhu ya zagaye gefen, an yi tafiya a kanta babu iska, ta mutu ko da wajenta yana kyau.

Abubuwa biyu za a iya yi maka tayinsu. Na farko, a sa tif a cikin taya marar tif. Cikin irin wannan tayar yana da kaushi, yana gurzar tif ɗin ya yi zafi, kuma idan ya fashe lokaci ɗaya iskar ke fita. Na biyu, a gasa gefen da ya yage da wuta. Zai riƙe iska, amma zaren da ya tsinke bai haɗu ba. A ganinmu duka biyun ba na babbar hanya ba ne, balle a zafin watan Afrilu da mota cike da iyali. Idan dole ta sa, a mayar da tayar baya, a tafi a hankali, a sauya ta da an isa.

Ka kuma tsaya a kansa wajen iska. Masu faci da yawa 40 ko 45 suke durawa kowace mota, wasu ma da bugun sifana suke aunawa. Ka faɗi adadin da ke jikin ƙofarka, ka auna da gejinka. Idan za ka sayi wata tayar, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefenta: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021.

Rashin safaya laifi ne a ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra, don haka idan motar tana da gurbinta, ka saya. Kafin nan, famfo, geji, kayan igiya, filaya, reza, tocila, gorar ruwa da ɗan katako duk suna shiga jaka ɗaya. Ka riƙa taɓa igiyoyin duk bayan 'yan watanni: zafin but yana busar da su, kuma wadda ba ta manne wa yatsa ba za ta kama rami ba. Sholisho ma da an huda bakinsa yake fara bushewa, gara ƙananan kwalabe biyu da babba ɗaya.