Masu kwana a mota a bakin gona: abin da ke kashe batir, da abin da ke kashe mutum

Tun da na fara noman rani a wajen Auyo, rabin kwanana a mota nake yi. Tsohuwar Hiace ce, na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa, na sa fanka da fitila da wurin cajin waya. Yanzu matasa sun shigo harkar, har da masu sayen riɗi a Maigatari, kuma ramin da na faɗa shi kowa ke faɗawa. Bakina ya gaji da maimaitawa.

Babban kuskure shi ne jona fanka a batirin da ke tayar da mota. Wannan batir an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, inji ya tashi ya mayar masa da abinsa. Ba ya jure a yi ta tsotsarsa har gari ya waye. Wani ƙarshen Maris muka loda kwandunan tumatir tun yamma, na kwanta a kujerar gaba, zafi ya hana ni sakat, na kunna fanka bayan isha'i. Da asuba na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas, shiru. Ga yashi, mutum huɗu suka tura ko gezau. Sai bayan azahar aka kawo batir a babur. Kafin in isa kasuwa ta watse, tumatir ya yi laushi yana zubar da ruwa ta gindin kwando, na sayar a wulaƙance. Tun ranar batirin kwana daban yake, irin na sola, kuma ko waya ɗaya ba ta haɗa shi da na mota.

Na biyun ma ya ci mini kuɗi: rashin lissafi. Batir mai 100Ah a kan bolt 12, wat 1,200 ke nan na awa ɗaya. Amma in na ruwa ne ko na jel, rabi ne naka, wato 600. Fankar gida mai wat 60 in ta yi awa 9 ta cinye 540, ga inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, ita ma tana cin nata ko ba ka jona komai ba. Ka ga kullum kana wuce rabin da yake naka. Haka na kashe sabon batir a wata biyar, ina ta zagin mai shago, alhali laifina ne. Yanzu fanka mai bolt 12 nake amfani da ita, wat 20, ba ruwanta da inbata. Ina da 'yar mita, in na kashe komai na ga bolt 12.2, to an tashi daga wuta sai rana ta fito. Wasu sun ce na cika tsanani. Batirina dai ya shekara uku.

Ku kuma masu jona butar lantarki da dutsen guga, don Allah me kuke nufi? Buta mai wat 1,500 tana jan sama da amf 125 daga batir, ta wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsire ba. Gobara kuke nema. A dafa shayi a waje.

Sauran ƙanana ne. Kada farantin sola ya shiga batir kai tsaye ba kanturola mai daidaita caji, kuma batir ake fara jonawa kafin faranti. A sa fiyus dab da kan batir. Lokacin hazo a goge faranti kowace safiya da tsumma mai laushi. Ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba asid ba, kuma batirin ruwa yana son wurin da iska ke ratsawa. Farantina ban ɗaure shi a rufi ba: mota tana ƙarƙashin tsamiya, shi yana rana da doguwar waya mai kauri.

Saura wanda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Cikin Janairu, sanyin fadama na shiga ƙashi, ɗan wana ya tsaya mini gadi. Ya shigar da kaskon garwashi cikin mota, ya rufe tagogi ruf. Allah ya sa na yi sammako. Na same shi ya yi amai, ya kasa tsayuwa, yana riƙe da kai yana cewa, "Baffa, sanyi ne ya ishe ni." Na fito da shi iska, muka nufi asibiti a Haɗeja. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta tare wurin iskar numfashi, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu. Ita ce dai ke fita daga janareto da salansar mota, don haka barin inji yana aiki kana barci shi ma ganganci ne.

A motata garwashi ba ya shiga, ko wa ya zo. Bargo biyu, safa, hular sanyi. Taga a buɗe faɗin yatsa uku ta kowane ɓangare, da yankin gidan sauro a jiki. In dole sai an tayar da janareto, a kai shi nesa aƙalla mita 6, bakin hayaƙin na kallon daji, a kashe shi kafin a kwanta.