Ƙauyukan Henan da ƙanjamau: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk lokacin da na ba sababbin ma'aikatan lafiya labarin ƙauyukan lardin Henan na ƙasar Sin, a wuri ɗaya suke tuntuɓe. A farkon shekarun 1990 talakawan manoma sun riƙa sayar da ruwan jini, wato abin da ke saura in an ware jajayen ƙwayoyi. A tashoshin karɓa, sai a haɗa jinin mutane da yawa masu rukuni ɗaya, a kwashe ruwan, a mayar wa kowa da jajayen ƙwayoyin da aka cakuɗa domin ya dawo da wuri. Mutum ɗaya mai HIV, ƙwayar cutar ƙanjamau, ya isa ya shafa wa sauran. Likita Wang Shuping ta kwarmata lamarin a 1995, aka rufe tashoshi, dokar ba da jini ta fara aiki a 1998.

Nan ɗalibi zai ajiye biro, wai magana ta ƙare. Ina ta ƙare? Ƙwayar cutar tana iya shafe shekara takwas zuwa goma ba ta kwantar da mutum ba. A ƙauyuka irin su Wenlou, manomi ya koma gonarsa garau, yana kwana da matarsa, tana haihuwa tana shayarwa. Da yawa ba su san suna ɗauke da ita ba sai da aka yi gwajin gama-gari a lardin a 2004. Ta allura ta shigo gidan, amma ta shimfiɗar aure ta ci gaba. Ni dai tambaya biyu nake yi, ba na haɗa su: ta ina ta shigo, kuma ta ina za ta iya wucewa yanzu? Ba na rufe fayil sai an gwada abokin zama da yara.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai jin HIV ya ce zina. A wani asibiti da na yi aiki, wani matashin ma'aikaci sabon zuwa ya dubi matar wani majinyaci ya ce, "Hajiya, sai dai ki tambayi maigida inda yake zuwa." Ta gyara mayafinta ta fita, ko katinta ba ta ɗauka ba. Daga baya muka gano an taɓa yi wa mutumin ƙarin jini bayan hatsarin mota. Auren ya mutu, ba wanda ya sake zuwa karɓar magani, muka yi ta bin sawu a banza. Wa ya naɗa ka alƙali? A Henan ma akwai gidajen da miji da mata duk sun sayar da jini, babu mai iya cewa wane ya sa wa wane. In ba ka da abin faɗa sai zargi, yi shiru ka miƙa takardar gwaji.

Sai masu cewa in ɗaya cikin ma'aurata na da ita, ɗayan ya riga ya kamu. Ba haka ba ne, ma'aurata da yawa sun yi shekaru ɗaya na da ita ɗaya babu. Binciken HPTN 052 na 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin irin waɗannan ma'aurata da kashi 96 cikin 100. Amma da aka bi ma'aurata fiye da 38,000 a Sin, raguwar kashi 26 ce kawai, ga shi kuwa tun 2003 gwamnati ke ba talakawan karkara magani kyauta. A ganina giɓin yana wajen sha kullum ba fashi. Shi ya sa nake cewa a zo mini da kwalbar maganin in ƙirga da kaina.

Sauran ƙanana ne. Kada ka manta da gwajin ciwon hanta nau'in C, ya yi yawa cikin waɗanda suka sayar da ruwan jini. Kada ka damƙa wa mace kwaroron roba ba ka zauna da mijinta ba, a ƙarƙashin katifa zai ƙare. Gwaji ɗaya ba ya isar wa wanda ba ya ɗauke da ita, a riƙa maimaitawa. Kuma kada ka tsorata mutane da ba da jini: da sabuwar allura, in ba a mayar masa da komai jiki ba, mai bayarwa ba ya ɗaukar HIV.