Yadda Ake Shirya Filash Don Tsohuwar Na'ura Ta Karɓe Shi

Masu kawo mini tsofaffin na'urori a nan Wunti, cikin garin Bauchi, kusan kukansu ɗaya ne: "Malam, na soka filash ya ƙi hawa." Daga telan da ke aikin wuyan riga da keken Tajima mai karanta zane daga faifan fulofi, har makaɗin da ke riƙe da fiyano Yamaha PSR-550 da aka cire mata gidan faifai aka maye gurbinsa da Gotek, wato 'yar na'urar da ke karanta filash a madadin fulofi. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau. Filash ɗin ne ya yi mata girma, kuma tsarin da ya zo da shi daga kamfani ba na zamaninta ba ne.

Faifan fulofi na aiki da tsarin ajiye fayil mai suna FAT12, kuma abin da yake ɗauka mega 1.44 ne, wani ma kilo 720. MS-DOS 6.22, manhajar da ke tafiyar da tsofaffin kwamfutoci, ba ta san komai ba sai FAT12 da FAT16, wanda iyakarsa giga 2. FAT32 sai a 1996 ya fito, exFAT kuma a 2006. Yau kusan duk filash ɗin da ya haura giga 32 da exFAT yake zuwa. Na'urar da aka ƙera kafin a haifi wannan tsari ta yaya za ta karanta shi?

Don haka tun a kasuwa ake fara gyara. Nemi ƙarami, giga 4 ko 8 ya isa har ya yi saura. Ka kuma gwada shi da manhajar H2testw kafin komai, domin jabu ya yi yawa: a rubuta giga 64 a jiki, alhali cikinsa bai kai 8 ba. Irin wannan zai karɓi zanenka ba musu, ranar da kake tsakiyar aikin Sallah ya lalata maka shi.

Kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri, don matakin gaba ba ya barin komai. A Windows buɗe cmd, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da izinin mai kula da kwamfuta, ka rubuta diskpart, sannan list disk. Nan nake roƙonka ka natsu. Duba girman kowane faifai da kyau, ka gane lambar filash ɗinka, domin idan ka zaɓi babban faifan kwamfutar, shi za ka share. Ni nakan cire duk wani abin da ke soke a jikin kwamfutar tukuna. Idan lambarsa 1 ce, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya:

select disk 1
clean
convert mbr
create partition primary
format fs=fat32 quick
assign

Layin convert mbr shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Fomatin da ake yi ta danna dama a kan filash ba ya taɓa teburin rabe-rabe, wato inda ake rubuta yadda aka kasa filash ɗin, to idan sabon tsari GPT ne a kai, haka zai zauna, tsohuwar na'ura kuwa tsohon tsari MBR kaɗai ta sani. Idan FAT16 ake bukata, ƙara size=2000 a ƙarshen layi na huɗu, sannan ka rubuta fs=fat a maimakon fs=fat32. Wanda babu yadda ya iya sai babban filash, manhajar Rufus na iya yi masa FAT32.

Sai batun Gotek, inda ake yawan rikicewa, domin iri biyu ne a hannun mutane. Mai manhajar kamfani ta asali yana yanka filash zuwa gurabe masu lamba, kowane gurbi daidai da fulofi guda, kana sauya su da maɓallai biyun da ke gabansa. Idan ka soka irin wannan filash a kwamfuta za ka ga ya koma ɗan mitsitsi, bai kai mega 2 ba. Bai lalace ba, gurbin farko kawai Windows ke gani. Kada ka sake yi masa fomatin, sauran guraben da tasu manhajar ake buɗe su. Wanda kuma aka ɗora wa FlashFloppy, manhajar kyauta da Keir Fraser ya rubuta, FAT32 na yau da kullum yake so, ka zuba fayilolin IMG, wato kwafin fulofi gaba ɗaya, a ciki, kowane ɗaya a matsayin faifai. Ni wannan na fi so nesa ba kusa ba, don tela zai iya kwafe zanensa kaf ya ajiye a wani wuri cikin minti kaɗan.

Sunan fayil kada ya wuce harafi 8, sai ɗigo da haruffa 3, kamar WUYA01.DST. Kuma fulofi mai mega 1.44 ba ya ɗaukar fiye da suna 224 a farfajiyarsa, wato wajen folda, ko da akwai sauran wuri.

Katin ajiya na CF (CompactFlash) da ake sa wa tsohuwar kwamfuta a madadin babban faifai, shi kam kada ka gama masa aiki a sabuwar kwamfuta. Yi masa clean kawai, ka kai shi can. Tada tsohuwar da faifan DOS, ka raba shi da fdisk, ka mai da rabon farko wanda za a tashi da shi, ka kashe ka kunna, sannan format c: /s. Dalili shi ne BIOS na da, wato manhajar da ke tada kwamfuta, yana da nasa lissafin silinda da kawuna (yadda yake ƙirga sassan faifai), wanda sau da yawa yakan saɓa da na sabuwa. Yawancin na kafin 1994 ma ba sa ganin abin da ya wuce mega 504, don haka kati mai mega 256 ya fi musu daɗi. Idan ka gama duk wannan kwamfutar ta tsaya cik wajen tashi, koma da faifan DOS ka rubuta fdisk /mbr, ka sake kunnawa.